Tsiron da Dunduniya Ta Danne

Ƙarfe huɗu da rabi na yammacin Talata ruwan farko na bana ya sauka a Haɗeja. Mu uku ne a rumfar tsakar gida: ni, da 'yata Jummai, da 'yarta Husna mai shekara tara, wadda ta dawo daga makaranta an kashe mata duk lissafin da ta yi. Jummai ta duba littafin, ta ajiye, ta ce da ni a gaban yarinyar wai ita wannan kanta ba ya ɗaukar lissafi, haka aka halicce ta, gara a bar ta ta kama abin da za ta iya. Ba da faɗa ta yi maganar ba, da tausayi ma ta yi ta. Husna ta ɗora hannu biyu a ka, kamar mai laluben inda ya lalace.

Daidai nan ƙamshin ƙasa ya taso. Na ce wa Jummai ta yi mini shiru. Ta dube ni da mamaki, domin ban saba tsawata mata a gaban 'ya'yanta ba. Ban yi mata bayani ba, bakina ba zai iya ba. Shi ya sa na zauna in rubuta da ɗan karatun da na samu a ajin yaƙi da jahilci, kuma zan bi abin daki-daki yadda ya faru.

Da farko, gidan.

An kai ni aure wani ƙauye a bakin kogin Haɗeja. Gandu ɗaya muke, surukina ne mai gandu, kowa Baba Tsoho yake ce masa. Akwai matarsa Iya, akwai maigidana da ƙannensa biyu. Gonarmu iri biyu ce: jigawa ta gero, da fadama ta shinkafa. A shekarar lafiya, gero yana tsaye a tudu kogi zai cika ya malalo fadama, shinkafa ta sha, kifi ya biyo ruwa har gindin kunya. In ruwan ya janye a shuka wake a cikin danshinsa, shanun Fulani su sauko kiwo. Kowane abu da lokacinsa, kuma ba mu taɓa zaton lokacin zai saɓa ba.

Ɗana na fari namiji ne. Ba zan rubuta sunansa ba. Ban taɓa faɗinsa da bakina ba, kamar kowace mace mai kunya ta zamaninmu, kuma ba yau zan fara ba. Ana yaye shi aka mai da shi ɗakin Iya. Yaya yake ce mini, yadda ya ji baffanninsa suna faɗa. Ba na yi masa wasa a gaban mutane, ba na yabonsa, in an yabe shi in tashi in ba da wuri. Abokinsa a gidan nan Baba Tsoho ne. Tsohon ya ce masa ɓarawon fura, shi kuma ya ce wa tsohon ya yi sauri ya mutu ya bar masa Iya. Kwano ɗaya suke ci. In tsohon ya fita gona, yaron ne a bayansa riƙe da butar alwala.

Na biyu, farin.

A tsakiyar shekarun tamanin ne, shekarar da duk wanda ya rayu a ƙasar nan bai manta da ita ba. Bazara ta yi tsawo. Da hantsi ba a iya taka rairayi da ƙafa tsirara, randa ta daina sanyaya ruwa, kaji suna yawo baki buɗe. Hadari zai haɗu a gabas, baƙi wuluk, mu kwashe shanya da gudu, sai iska ta zo ta watsa shi. An fita roƙon ruwa da riguna a juye, yara suna kuka, tsofaffi suna kuka. Kogi kuwa ya ja baya ya bar yashi, masu zuwa gari suna cewa madatsun da aka gina can wajen Kano sun riƙe ɗan abin da ya samu.

Aka yi binne, wato shuka kafin ruwa ya sauka, tururuwa da tsuntsaye suka kwashe. Aka samu yayyafi aka sake shuka, ya fito kamar gashin jariri, rana ta ƙone shi. Da ruwa mai ɗan ƙarfi ya sauka, Baba Tsoho ya sauko da goran da ke rataye a ɗakinsa, ya zazzage shi a ƙwarya a gabanmu duka, ya ce wannan ne irin ƙarshe, duk wanda ya yi wasa da ƙwara ɗaya ya yi wasa da ran gidan nan.

Shuka a wurinmu haka take: maza a gaba da sungumi suna sara, mata da yara a baya suna jefa iri suna rufewa da ƙafa. Yaron yana da shekara tara, kuma a ranar aka fara ba shi layukansa shi kaɗai, can ƙasan gona inda rairayi ya haɗu da laka. Na hango shi yana aiki a hankali, kowa ya wuce shi, bai ɗago ba.

Bayan kwanaki gona ta yi kore layi-layi. Layukansa ne kawai babu ko tsinke.

Muna tsaye duka a bakin gona Baba Tsoho ya kira shi, ya ce ya miƙo hannu. Ya riƙe tafin ya juya shi, ya ce, "Wuta ce a nan. Akwai hannun da iri ba ya so, tun kakannina an san da haka. Mai shi da shi ake haihuwarsa, da shi yake mutuwa."

Da a shekarar ƙoshi ne, da wasan kaka da jika ne, a yi dariya a wuce. Amma irin ƙarshe ne ya salwanta, kuma mai jin yunwa yana son ya ga wanda zai ɗora wa. Baffanninsa suka yi dariya. Tsohon bai yi ba. Ya yanke cewa daga yau yaron ba zai ƙara taɓa iri ba, ba zai leƙa bakin rumbu ba, aikinsa jaki da awaki. Kafin kasuwa ta zagayo duk ƙauye Hannun Wuta suke ce masa. Sunansa na yanka ya ɓace daga gidan, ni kuma da ya kamata in riƙe masa shi ba ni da bakin faɗinsa.

Na uku, kaskon.

Wata safiya na zagaya bayan ɗaki da Jummai a goye, lokacin ba ta fara rarrafe ba. Na sami yaron tsugune gaban kaskon da muke zuba wa kaji ruwa, hannunsa na dama a ciki har wuyan hannu. Ya daɗe a haka, domin yatsun sun yi yamushi sun yi fari. Na lura kwana biyu ya daina ɗaukar Jummai, shi da ba ya barin ta ta taɓa ƙasa. Na tambaye shi dalili, fuskata a wani gefe. Ya ce, "Kada in ƙona ta, Yaya."

Wata uwar za ta rungume shi. Ni ba a koya mini haka ba, kuma runguma ba za ta cire masa maganar ba. Na ce ruwan da nake ɗaukowa daga nesa shi ya mayar abin wasa? Na ce ya tashi ya ɗauko fartanya ya biyo ni.

Muka je gona, ba kowa. Na sa shi ya tona gindin shuka ɗaya a layin baffansa. Ƙasar ta buɗe ba wuya, irin bai fi gaɓar yatsa nisa ba. Na ce ya je ya tona nasa. Ya tsaya. Na ce ban zo hira ba. Ya kai fartanya, ta yi ƙara kamar a kan daɓe. Da ƙyar ɓawon ya fashe. A ƙarƙashinsa ga geron nan duk ya tsiro, farare fat, sun miƙo sun bugi ƙasa mai tauri sun lanƙwashe, sun nannaɗe da juna. Ya tona na gaba, haka. Na gaba, haka.

Na ce, "Wa ya shuka wannan?"

Ya ce shi ne.

"Ya tsiro ko bai tsiro ba?"

Ya daɗe yana kallon ramin kafin ya ce ya tsiro.

Na ce to ya nuna mini yadda yake rufewa. Ya jefa tsakuwa a rami, ya ja ƙasa da ƙafa, sannan ya kafa dunduniya ya hau da duk nauyinsa, ya murza, ya sake hawa. A laka mai danshi wannan daɓe ne, rana ta zo ta gasa shi. Na tambaye shi wa ya koya masa haka. Ya ce ba kowa. Baba Tsoho ne ya ce irin ƙarshe ne, shi kuma ya ji tsoron kada tururuwa su ƙara kwashewa, sai ya ce bari ya rufe nasa yadda ba abin da zai kai gare shi.

Na juya masa baya ina gyara goyo har sai da fuskata ta koma daidai.

Sannan na gaya masa cewa ba wanda ake haifa da iyawa. Ni da yake gani ina tuƙa tuwon gidan nan, tuwona na farko Iya kaji ta zuba wa, su ma sai da suka yi shawara kafin su ci. Na ce abin da ya faru kuskure ne, kuskure kuwa yana da wuri, ana tona shi a gani a gyara. Ya yi ɗan murmushi saboda kajin, amma hannun yana ɓoye a hammata.

Ba ni da ikon tsayawa gaban surukina in ja da shi. Na gaya wa Iya abin da muka gani, ta kai masa. Amsar da ta dawo da ita ita ce, wai yanzu zamani ya kai mace ta fito tana kare ɗan fari? Maganar ta mutu a nan.

Na huɗu, yunwar.

Ruwa ya ɗauke gero yana guiwa. Na masu hannun sanyi ma ya bushe a tsaye, amma ba wanda ya janye sunan yaron saboda haka. Kogi bai hau fadama ba, ƙasar shinkafa ta tsattsage har ƙafar akuya tana faɗawa. Maigidana da ƙannensa suka tafi cin rani. Abin da na fi tunawa shi ne shirun. Ƙauyen da tun asuba ake jin luguden taɓarya, sai a wayi gari ba turmin da ya yi magana. Muka koma dusa da tafasa. Muna shiga sauran tabkuna muna ciro bado, mu shanya mu niƙa. Yara suna gwaguyar goruba har dasashinsu ya yi jini. Akwai ranar da ni da Iya muka haƙa gidan tururuwa, muka ƙwato abin da suka sace mana, muka sheƙe muka dama kunu. Tsarin rabo bai canza ba: Baba Tsoho tukuna, sai yara, sai Iya, sai ni. Tsohon yakan rage rabin nasa ya tura wa yaron ba tare da ya dube shi ba. Yana sonsa. Maganar ce kawai ba zai janye ba.

Muna da maƙwabciya, matar malamin firamare, mutanen Filato ne, Kirista, Maman Ladi muke ce mata. Ta kafa ɗan lambu a bakin wani gurbi da ruwa bai ƙafe ba, tana ban ruwa da bokiti. Na je na roƙe ta gefe ɗaya da ɗan irin kuɓewa, na gaya mata don wa. Ta ce ta ji sunan da ake kiransa, kuma a ajin mijinta ma ya daina ɗaga hannu.

Shukarsa ta farko a lambun ba ta yi ba. Tsoron dannewa ya sa ya bar irin kusan a fili, tsuntsaye suka tsince. Ta biyu ya yi ta ɗura mata ruwa safe da rana da yamma har ta ruɓe. Kowane karo tambayoyina ba sa canzawa: me ka yi, me ka gani, me za ka sake. Ranar da muka tono ruɓaɓɓen irin ya yi jifa da bokiti, ya ce a ƙyale shi, Baba Tsoho ya fi ni sani.

Na ce ya ɗauko bokitin mutane. Da ya ɗauko na ce, "Jiya ka san abin da yawan ruwa yake yi wa kuɓewa?"

Ya ce a'a.

"Yau fa?"

Washegari ya riga ni zuwa lambun.

Ta uku ta fito, ta yi ganye, ta yi fure ruwan ɗorawa. Maman Ladi ta yi guɗa, ta kama hannunsa ta ɗaga tana cewa ai wannan hannun albarka ne, baiwa ce Allah ya ba shi. Da ya tafi ɗebo ruwa na ja ta gefe na ce kada ta ƙara faɗa masa haka. Ta riƙe haɓa ta ce, "Ke kam zuciyarki dutse ce? Ba kya yabonsa, kuma kin hana a yaba?" Na ce ta yaba, amma ta yabi abin da ya yi: yadda ya gwada zurfin rami da yatsa, yadda ya dawo bayan ya yi jifa da bokiti. In ta ce masa da albarkar aka haife shi, maganar kakansa ce ta juya mata riga, kuma ranar da shuka ta ƙi, kasko zai koma. Ta ce ta ji. Sai na roƙe ta abu ɗaya, kaina a ƙasa: ta riƙa kiransa da sunansa na gaskiya.

Daga ranar, in ina kusa, sai ta ɗaga murya ta kira shi ko ba ta da aiken da za ta yi masa. Ta san ba shi kaɗai take kira wa ba. Allah ya saka mata, duk inda take.

Kuɓewar farko ya kai wa kakansa a tafin hannu biyu. Aka yi miya, tsohon ya sha ya lashe yatsa, sannan ya ce bakin kogi ko sanda ka kafa sai ta yi ganye. Gero a jigawa, shi ne shaida.

Na biyar, damina ta gaba.

Maza suka dawo a rame, da ɗan irin da suka samo a kasuwar Kafin Hausa. Ruwa ya sauka da wuri, na gaske, irin wanda yake kwana yana zuba. Ranar shuka yaron ya ɗauki ƙwarya ya bi sahu, tsohon ya nuna masa jaki da sanda. Da yamma na roƙi maigidana ya bar wa yaron gayaunata, ɗan filin da aka yanka mini a gefen gandu, tunda nawa ne, in ya ƙone asarata ce. Ya ce ba zai hana ba, ba kuma zai gaya wa Baba da bakinsa ba.

Yaron shi kaɗai ya shuka ta. Na tsaya daga nesa kamar mai tsinkar rama. Yana jefawa, yana jan ƙasa da gefen ƙafa, sau ɗaya, ya wuce. Wani wurin ya tsuguna ya zura yatsa ya gwada. Ya yi noman firi, ya rage inda ya yi yawa, ya yi maimai. Kashin awakin da aka ce shi ne aikinsa, shi ya riƙa kwasowa a kwando yana zubawa. Wani sashe ya yi rawaya, ya je da kansa ya tambayi wani tsohon manomi, bai jira ni ba. Ranar na san abin ya shiga.

Ba ya zuwa ya ba ni labari kai tsaye, ni ma ba na tambaya. Sai ya ɗauki Jummai, domin ya koma ɗaukarta, ya zauna kusa da murhu yana ce mata geronsa ya kai ƙirji, geronsa ya yi ciki, geronsa ya fitar da kai. Ni kuma in ce wa Jummai ta gaya wa mai gero tsuntsaye ba sa jiran a tashi daga barci.

Da marka ta kankama, geron ya fi na gandu tsawo da kauri. Masu wucewa suka fara tsayawa. Labari ya kai wa Baba Tsoho, wanda yunwar bara ta cinye masa ƙafafu, ba ya iya takawa zuwa gona. Ya ce shi ba ya shaida da kunne, sai ya gani da idonsa. In gero ya isa tumu a ɗora shi a jaki, bayan sallar Juma'a. Yaron ya ce masa tumun farko shi zai gasa masa da hannun nan, ya ga ko zai ƙone. Tsohon ya kusa yin dariya. Na ga bakinsa ya motsa.

Juma'a ta zo, yaron ya ɗaura wa jaki akumari tun hantsi, ruwa ya sauko. Wata Juma'ar tsohon ya ce guiwarsa. Ta gaba ya ce baƙi. Ni na san ba guiwa ba ce. Dattijo ne da ya yi magana a gaban 'ya'yansa, kuma hanyar gonar nan hanyar haɗiye ta ce. Yana ta neman ranar da zai iya, yana ganin ranakun suna da yawa.

Na shida.

Ruwan da muka yi shekara muna roƙo ya zo da sauro, ya tarar da yaran da yunwa ta riga ta tsotse. Zazzaɓi ya shiga gida-gida. Da ya kama ɗana, Iya da kanta ta ɗauko shi ta kawo ɗakina ta shimfiɗa, ta ce yau ba ranar kunya ba ce. Aka yi jiƙo, aka yi tofi. Maigidana ya tafi neman kwalekwalen da zai ƙetare da mu zuwa gari, domin ruwa ya shafe hanya.

Da azahar yaron ya farka. Ina shafa masa ruwa, ya ɗaga hannunsa ya ɗora a kumatunsa, ya ce, "Yaya, ya yi zafi."

Na ce zazzaɓi ne, ba hannun kaɗai ba, duk jikin ne, kuma zazzaɓi sauka yake. Na kama hannun na riƙe. Tun da aka yaye shi ban riƙe shi haka ba.

Ya ce, "Baba Tsoho ya je ya gani?"

Ban taɓa yi masa ƙarya ba, da gaskiyar rami na koya masa komai. Na ce tukuna.

Ya ce to a bar jakin da akumarinsa.

Kwalekwalen ya iso da la'asar. Ba a yi amfani da shi ba.

Uwar ɗan fari ba ta kuka a gaban mutane, ban yi ba. Bayan sadakar bakwai, ba ranar Juma'a ba ma, Baba Tsoho ya ce a ɗora shi a jaki. Maigidana ya riƙe shi har gayauna. Ina can, domin kullum can nake zuwa in yi abin da ba na yi a gida. Aka sauke shi, ya dogara sanda ya shiga cikin geron shi kaɗai, karan ya rufe shi. Ya daɗe. Da ya fito da zangarniya ɗaya a hannu, bai dubi ɗansa ba, ni ya duba, abin da bai taɓa yi ba tun da aka kawo ni gidan.

Ya ce, "Ya tambaye ni?"

Na ce, "Ya tambaya."

Ya zauna a ƙasa kan kunya, rigarsa a cikin laka. Can ya ce wannan geron ba na ci ba ne, ko ƙwara ɗaya ba za ta shiga turmi ba, iri ne. Ya kira yaron da cikakken sunansa, ya ce irinsa ne. Maganar da aka yi wata da watanni ana jira ta fito ke nan, daidai yadda ake so, sai dai mai ita ba ya nan.

Na ƙarshe, abin da ya biyo baya.

Irin ya yi kyau. Maƙwabta suka karɓa, na nesa suka ji, har daga wajen Jahun da Baturiya ake aiko a nema. Da sunan yaron ake kiransa. Duk farkon damina, shekara da shekaru, sai a yi sallama a ƙofar gida a ce a taimaka da irin wane. Sunan da ya ɓace daga gidan yana da rai, shi nake ji daga bakin baƙi, ina tsaye a bayan zana da ƙwarya ina aunawa. Baba Tsoho ya yi 'yan shekaru bayan haka. Ranar shuka sai ya sa a kai shi gona, ya tara jikoki ya nuna musu yadda ake rufewa da gefen ƙafa, in layin wani bai fito ba ya ce a kawo fartanya. Bai ƙara riƙe tafin yaro ya juya ba. A ƙarshen shekarun casa'in ambaliya ta ci ƙauyen, ta tafi da rumbunan da irin, muka dawo cikin gari.

Yanzu injin ban ruwa yana kwana yana ruri a bakin kogi, iri a leda ake sayowa, ba wanda ke duba hannun yaro kafin shuka. Na ɗauka maganar ta mutu tare da masu ita. Sai ranar Talata na ji ta a bakin 'yata, wadda aka taɓa ƙin ɗauka don kada a ƙona ta. Daga hannu ta koma ka, shi ke nan.

Washegari na kira Husna na ce ta kawo lissafin. Ilimina bai kai nata ba, amma na iya tambaya. Na ce ta nuna mini yadda ta yi, daki-daki. Ashe duk sauran daidai take yi, wuri ɗaya take tuntuɓe, in ta ari lamba daga maƙwabciya sai ta manta ta rage mata. Ita ta gano da kanta. Ta ɗago ta dube ni, na kau da kai, domin na san wannan kallon.

Jummai za ta karanta wannan, ta san abin da bakina ya kasa. Kai kuma mai karatu, ko ke, ina da roƙo. In akwai yaro a gidanku da aka riga aka yanke wa hukunci, ku ɗauki fartanya ku je ku tona ramin tare da shi. In kuwa ku ne kuka faɗi maganar, ku je ku janye ta yau, yana ji, kada ku ce sai Juma'a. Sannan ku sa ɗana a addu'a. Ba sai na gaya muku sunansa ba, Wanda za ku roƙa ya san shi.